Gida Ɗaya, Masu Shi Hamsin: Hakkin Wa Ake Ci Idan Ɗaya Ya Ƙi Biya?

Akwai wani irin ciniki da ya yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka wanda ya cancanci mu tsaya mu dube shi, ko da yake yawancinmu ba za mu taɓa sa hannu a cikinsa ba. Dalili kuwa shi ne, ya fito da wata tsohuwar tambaya fili, ya kuma sa mata lissafi yadda ba mai iya kauce mata. Idan mutane da yawa suka haɗa kai suka mallaki abu guda, sa'an nan ɗaya daga cikinsu ya janye hannunsa daga ɗawainiyar abin, hakkin wa ya ci? Idan kuwa yana da dalilin janyewa, har ma dalili mai ƙarfi, shin dalilin ya wanke shi?

Ga yadda cinikin yake. Kamfani yakan gina masauki a wurin da mutane ke marmarin zuwa hutu, ko bakin teku ko kan duwatsu masu ƙanƙara. Maimakon ya sayar da kowane ɗaki ga mutum ɗaya, sai ya yanyanka shekara mako-mako. Shekara tana da mako 52. Akan ware ɗaya ko biyu domin fenti da gyare-gyare, a sayar da sauran 50 ko 51 ga mutane dabam-dabam. Wanda ya sayi mako na 30, alal misali, ɗakin nasa ne a wannan mako kowace shekara. Ran da kwanakinsa bakwai suka cika, sai ya tattara kayansa ya ba mai mako na 31 wuri. Turawa suna ce da wannan tsari taimshiya. Mu a nan bari mu kira shi gidan karɓa-karɓa.

An soma shi a Turai cikin shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan, wanda aka kafa a 1963, yana cikin na farko, haka kuma wurin wasan ƙanƙara na SuperDévoluy a duwatsun Faransa. A Amurka kuwa ya samu gindin zama bayan matsalar man fetur ta 1973, sa'ad da magina a jihar Fulorida suka wayi gari da gidaje a tsaye ba masu saye, suka ga cewa abin da bai sayu gaba ɗaya ba zai sayu in aka kacaccala shi. A 1974 aka kafa kamfanin RCI domin mai mako a wani wuri ya iya musanya shi da mako a wani wurin. Daga baya manyan kamfanoni suka shigo, Marriott a 1984, Disney a 1991. Yau akwai masaukai irin waɗannan wajen 1,500 a Amurka kaɗai, gidaje kusan miliyan goma kuma suna da rabo a cikinsu. Kamfanoni da yawa sun daina sayar da tsayayyen mako, sun koma sayar da maki wanda mutum zai kashe a inda ya ga dama, amma nauyin da muke magana a kansa bai sake ba.

Nauyin nan shi ne kuɗin ɗawainiya. Mai saye yakan biya farashin makonsa sau ɗaya, farashin da a shekarun nan matsakaicinsa ya haura dala 20,000 a Amurka. Amma gida ba ya riƙe kansa. Akwai albashin masu shara da wanki da gadi, akwai lantarki da ruwa, harajin ƙasa, inshora, sauya katifa da labule, da abin da ake tarawa a asusu domin ranar da rufi zai tsufa. Kowace shekara ƙungiyar masu makonni takan yi kasafin wannan duka, ta raba shi a kan kowa. Matsakaicin abin da ke faɗa wa kowane mako ya riga ya wuce dala 1,000 a shekara, kuma hawa yake yi. Ko ka zo hutu ko ba ka zo ba, takardar biya za ta iske ka. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an rufe masaukai da yawa, jirage sun tsaya, amma takardun ba su tsaya ba, gama rufi bai san da annoba ba.

To, me yakan faru sa'ad da waɗansu suka daina biya? Bari mu ƙaddara wani masauki mai ɗaki 100, an sayar da mako 51 a kowane ɗaki. Rabo 5,100 ke nan. A ce ɗawainiyar shekara dala miliyan 5 da dubu 100 ce, watau dala 1,000 a kan kowane rabo. Idan mutum goma cikin kowane ɗari suka yi shiru, kuɗin lantarki ba zai ragu ba, haraji ba zai ragu ba, mai inshora kuma ba zai ji tausayi ba. Saura 4,590 su ne za su ɗauki kayan duka, kowa ya biya kimanin dala 1,111. Idan masu shiru suka kai ashirin cikin ɗari, kowa zai biya 1,250. Idan suka kai talatin, abin ya doshi 1,430. A cikin kasafin irin waɗannan ƙungiyoyi har layi guda akan ware domin bashin da ba a sa ran zai dawo, a raba shi ga masu biya. Abin da ya fi ban tsoro shi ne yadda lamarin ke cin kansa: kowane ƙari yakan ture waɗansu da dama can da ƙyar suke biya, faɗuwarsu ta jawo sabon ƙari, sabon ƙarin ya ture waɗansu kuma. Masauki yakan tsufa ta haka, fenti ya dushe, kafet ya yi wari, masu zuwa su ragu, har a kai ga rufe ƙofa.

Daga wannan lissafi hukunci na farko ya fito a sarari. Mutumin da ya yaga takardar biya ya jefa a kwando yakan zaci kamfani ya ƙuntata wa. Sau da yawa kuwa, musamman a tsofaffin masaukai, kamfanin da ya gina ya daɗe da sayar da makonninsa ya kama gabansa. Waɗanda suka rage su ne masu makonni kansu: malamin makaranta da ya yi ritaya, ma'aikaciyar jinya, tsohon direba da matarsa. Su ne kuɗin zai faɗa wa.

Wani irin maƙwabtaka ne wannan mai ban mamaki. Mutum hamsin suna kwana a gado ɗaya, suna shan ruwa da kofi ɗaya, suna duba fuskarsu a madubi ɗaya, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa, domin tsarin kansa an yi shi ne yadda ba za su haɗu ba. A unguwa, wanda ya ƙi ba da nasa kason na gyaran rijiya zai haɗu da masu jan ruwa da safe, kunya kuma za ta yi aikinta. A nan kunya ba ta da inda za ta kama. Saura lamiri kaɗai. A ganina wannan ne ya sa batun ya zama ma'auni mai kyau na halin mutum, gama yana nuna abin da mutum zai yi wa maƙwabcin da ba shi da fuska. Mu da muka san adashi mun san sunan da ake kiran wanda ya kwashi nasa ya daina zubi. Bambancin kawai shi ne, uwar adashi ta san gidansa.

Malaman Ikilisiya sun daɗe da ba irin wannan hakki suna. Waliyi Toma Akwinas ya bambanta adalcin da hukuma ke bin jama'a wajen rabon alheri da nauyi, da adalcin da ke tsakanin mutum da mutum a ciniki da alkawari. Na biyun nan yana da tsanani ƙwarai, domin ba ya duban girman mutum ko ƙanƙantarsa, abin da ka ɗauka kawai yake aunawa da abin da ka mayar. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya sa cika alkawari da biyan bashi a ƙarƙashin Doka ta Bakwai, wadda ta hana sata, ya kuma koyar da cewa wanda ya tauye wa wani hakkinsa wajibi ne ya mayar. Saboda haka mutumin da yake da hali, ya sa hannu da idonsa biyu, ya more makonsa shekara da shekaru, sa'an nan marmarin wurin ya fita daga ransa ya daina biya domin ya san bin sa zai yi wa ƙungiya tsada, wannan ba shi da mafaka. Hannu ya sa a aljihun mutum hamsin ya zari kaɗan-kaɗan, ƙanƙantar abin da ya zara daga kowa kuwa ba ta mai da shi halal ba.

Da a ce duk masu ƙin biya haka suke, da mun rufe magana a nan. Amma ba haka suke ba, a nan ne kuma tambayar ta yi nauyi.

Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne. Sun sayi makonsu suna da shekara arba'in, suna da albashi, 'ya'yansu ƙanana masu son bakin teku. Yanzu sun haura saba'in, fansho suke ci, gwiwa ba ta ɗaukar doguwar tafiya. Wata mijin ya rasu ya bar ta da takardar da ba ta taɓa karantawa ba. Waɗansu aikinsu ne ya tafi a rugujewar tattalin arziki ta 2008, suka zaɓi su biya kuɗin gidan da suke kwana a ciki kullum maimakon na ɗakin da suke kwana a ciki mako guda. Mai karatu zai ce, to, su sayar mana. Ai nan ne gizo ke saƙa. Makon da aka saya da dubban daloli, in aka kai shi kasuwa, sau da yawa ba ya samun mai taya shi. An sha ganin ana tallar makonni a eBay a kan dala ɗaya tak, wani lokaci ma mai shi ya ɗauki nauyin kuɗin rubuta takardu, duk da haka a rasa mai karɓa. Ba abin mamaki ba ne, domin mai hankali ya san ba mako kaɗai ake miƙa masa ba, har da takardar biya ta kowace shekara. Yawancin tsofaffin yarjejeniyoyin kuma ba su da ranar ƙarewa. Na har abada ne, daga mai saye zuwa magadansa.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan kalma, har abada. Dukiya, a yadda kowa ya san ta, abu ne da kake iya amfana da shi, ka sayar, ka bayar kyauta, ko ka bari. Abin da ba ka iya amfana da shi, ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa, ba ka kuma da ikon ajiye shi, amma yana cin aljihunka kowace shekara, bashi ne da ya sa rigar dukiya. A Littafin Firistoci, sura ta 25, an shimfiɗa wa Isra'ilawa dokar shekara ta hamsin, inda gonar da aka sayar take komawa ga danginta, bawa kuma ya koma gida. Hikimar da ke ciki ita ce, kada shawarar da mutum ya yanke rana ɗaya, wataƙila cikin matsi ko rashin sani, ta ɗaure zuriyarsa ba iyaka. Abin lura ne cewa 'yan majalisar ƙasar Sifen, da suka zo tsara wannan ciniki a dokarsu ta 1998, a kan shekara hamsin ɗin suka tsaya, suka ce yarjejeniya kada ta wuce haka. A watan Janairu na 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wata yarjejeniyar har abada da aka ƙulla a tsibirin Gran Canaria bayan fitowar dokar, hukuncin da ya buɗe wa masu makonni da yawa hanyar zuwa kotu. Faransa ma, inda mai mako yake zama mai hannun jari a wani kamfani da fita daga cikinsa ke da wuya, ta gyara dokarta a 2014 domin wanda ya gaji irin wannan rabo ya sami ikon janyewa cikin shekara biyu. A Amurka magaji yana da damar ƙin karɓar gadon, muddin ya bi ƙa'ida cikin lokaci bai kuma riga ya mori abin ba. Duk waɗannan dokoki shaida ce cewa masu mulki kansu sun gane akwai abin da bai daidaita ba a tushen cinikin.

Sai kuma yadda ake sayarwa. An san salon sarai. Akan tare ma'aurata a wurin hutu da alkawarin kyauta, abincin dare ko tikitin wasa, a ce su zo su saurari bayani na awa ɗaya da rabi. Bayanin yakan kai rabin yini. Dillali ya gaji, a kawo wani, a ce farashin na yau ne kaɗai, a ce jari ne da zai yi daraja, a ambaci kuɗin ɗawainiya a gurguje kamar abin da bai kai a damu da shi ba. Saboda yawan koke-koke ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 wadda ta ba mai saye kwana goma ya sake tunani, ta ƙara wa'adin zuwa kwana 14 a 2008, tare da hana karɓar ko kwabo kafin wa'adin ya cika. Fulorida ma kwana goma take bayarwa. Wani lokaci kuma abin ya wuce matsi ya zama zamba tsagwaronta. A 2001 wata kotu a Landan ta yanke wa John Palmer ɗaurin shekara takwas saboda damfarar dubban mutane, yawancinsu tsofaffi, da cinikin makonni a tsibirin Tenerife.

Koyarwar Ikilisiya ba ta rufe ido ga wannan ba. Katekisim ɗin da ya wajabta cika alkawari ya gindaya sharaɗi, watau abin da aka yi alkawarinsa ya kasance na adalci, a kuma ƙulla shi da gaskiya. Yardar da aka samo ta hanyar ƙarya ba cikakkiyar yarda ba ce. Haka nan tsohuwar ƙa'ida ce a wurin malaman ɗabi'a cewa ba a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Gwauruwar da za ta zaɓa tsakanin maganin hawan jini da kuɗin ɗakin da ba za ta ƙara gani ba, ta sayi maganinta da kwanciyar rai. Ba ta yi zunubi ba.

Amma ga ƙullin da ya fi wuyar kwancewa. A ce lalle an yaudari mutum, yana kuma da halin biya, sai dai zuciyarsa ta ƙi. Ya ce, ba zan ƙara ba maƙaryata ko sisi ba. Fushinsa daidai ne. Tambayar ita ce, ina kibiyarsa za ta sauka? Dillalin da ya yi masa ƙarya ya karɓi ladansa tun shekara ashirin da suka wuce. Kuɗin ɗawainiya ba aljihunsa yake shiga ba, albashin mai wankin zanen gado ne da kuɗin inshora. Waɗanda za su cike giɓin kuwa mutane ne da wataƙila a ɗaki ɗaya aka zaunar da su, aka yi musu ƙarya iri ɗaya. Ya zama wanda aka cuta yana ramawa a kan wanda aka cuta tare da shi. Jaki ya ka da shi, ya koma yana dukan taiki.

A ganina, hakkin da yake bin mai sayarwa gaskiya ne, amma bai ba shi izinin ci daga hannun abokan rabonsa ba. Bashi biyu ne dabam, ba a kuma biyan ɗaya da ɗayan. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya nemi fita ta ƙofa: ya rubuta wa ƙungiya, ya nemi ta karɓi makon, ya kai ƙara ga hukumar kare masu saye, ya je kotu in ya iya, yana biyan kasonsa har a warware. Na san za a ce wannan magana tana da sauƙi a baki. Lauya yana da tsada, shari'a tana cin shekaru, ƙungiyoyi da yawa kuma sun sha mayar da irin wannan wasiƙa da amsa ɗaya, cewa ba su karɓar mako. Mai wannan ƙorafi yana da gaskiya, shi ya sa ban ɗora nauyin duka a kan mai son fita ba. Mutumin da ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa da zuciya ɗaya, ya ce ga makon kyauta, ga ma kuɗin shekara ɗaya ko biyu a kai domin ku sami lokacin neman wani, aka ƙi, laifinsa in ya daina biya ya ragu ƙwarai, wani kaso na laifin kuma ya koma kan waɗanda suka kulle ƙofar. Da shi da wanda ya ɓace ba sallama ba ɗaya suke ba, ko da yake a littafin akawu layi ɗaya suke.

Akwai wata hanyar fita da ya kamata a kira ta da sunanta. Waɗansu sukan biya wani kamfani domin ya sauya sunan mai mako zuwa wani kamfanin da ba shi da komai sai suna a takarda, ba ofis, ba dukiya, ba niyyar biyan ko kwabo. Mai makon ya sami sauƙi, ƙungiya kuwa ta sami mai bashin da ba za a taɓa kamawa ba. Wanda ya yi haka da saninsa ya haɗa ƙin biya da yaudara. Gara wanda ya fito fili ya ce ba zan iya ba.

Inda mutane suka matsu kuwa, ungulu ba ta nisa. Wata sana'a ta tsiro ta masu alkawarin fitar da mutum daga yarjejeniyarsa in ya biya dubban daloli tun gaba. Da yawa daga cikinsu shawararsu ɗaya ce, daina biya, sa'an nan su bar mutum da tara da kuɗin ruwa da ɓacin suna a wurin masu ba da rance. A 2020 babban lauyan jihar Washintan ya kai ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan kotu, aka sasanta a 2021 a kan fiye da dala miliyan biyu. Mafi muni, hukumomin Amurka sun bayyana cewa wata ƙungiyar masu fataucin miyagun ƙwayoyi ta jihar Halisko a Meziko ta buɗe ofisoshin buga waya, ana kiran tsofaffi masu makonni ana ce musu an sami mai saye, su aiko da kuɗin haraji tukuna. Hukumar FBI ta ƙiyasta cewa tsakanin 2019 da 2023 Amurkawa wajen 6,000 sun yi asarar kusan dala miliyan 300 ta wannan hanya. Mutum ya shiga ciniki domin ya huta, ya ƙare yana ciyar da masu kisa da kuɗin fanshonsa.

Yanzu bari mu juya ga masu biya, domin kasancewarsu waɗanda aka cuta bai sauke musu nasu nauyin ba. Doka ta ba ƙungiya makamai. Tana iya hana mai bashi shiga ɗakinsa, ta ba da makon haya, ta ɗora tara, ta miƙa sunansa ga masu karɓar bashi, daga ƙarshe ta ƙwace makon ta yi gwanjonsa. A 2010 Fulorida ta sauƙaƙa wannan ƙwace, ta yarda a yi shi ba tare da an shiga kotu ba in mai makon bai yi jayayya ba. Yin amfani da waɗannan makamai a kan mai hali da ya ƙi biya adalci ne, shugabannin da suka yi sakaci da haka ma sun ci amanar sauran. Amma bin tsohuwa mai shekara tamanin da wasiƙun barazana saboda makon da kasuwa ta ce darajarsa dala ɗaya ce, wannan ba adalci ba ne, ba kuma dabara ba ce, domin kuɗin bin ta yakan fi abin da za a samu. Ƙungiyar da ta ƙi karɓar mako daga hannun wanda ya gaza tana tsoron kada nauyin ya dawo kanta. Nauyin kuwa ya riga ya dawo. Abin da ƙin karɓar ya ƙara kawai shi ne wahalar tsohuwar da kuɗin lauya. Shi ya sa a shekarun baya-bayan nan waɗansu manyan kamfanoni da ƙungiyoyi suka buɗe hanyar mayar da mako, ko da yake yawanci sai wanda ya gama biyan bashinsa ake karɓa, watau wanda ya fi bukatar ƙofar shi ne ba ya iya shiga ta.

Jarabar da ta fi haɗari ga masu biya ita ce su ɓoye wa kansu gaskiyar lissafi. Ba shugaban ƙungiya da ke son ya tsaya a gaban taro ya ce kuɗi zai hau. Hanya mafi sauƙi ita ce a rage abin da ake zubawa a asusun gyara, a ɗage aikin rufi zuwa baɗi, a sallami masu shara biyu a ɗora aikinsu a kan ukun da suka rage. Ta haka giɓin da mai ƙin biya ya bari yakan gangara har ya sauka a kan wadda ba ta da mako ko ɗaya, mai gyaran gadon da take karɓar albashi mafi ƙanƙanta a gidan. Gini kuma yana da nasa lissafin da ba ya jiran taro. A ranar 24 ga Yuni, 2021, wani dogon bene mai suna Champlain Towers South ya rufta a garin Surfside na Fulorida, mutum 98 suka mutu. Ba gidan karɓa-karɓa ba ne, gidaje ne na zama da mutane suka mallaka tare, masu bincike kuma sun nuna kurakurai tun daga zane da gini. Amma sananne ne cewa tun 2018 wani injiniya ya yi gargaɗi a kan lalacewar kankare, aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kan kuɗin gyara da ya kai wajen dala miliyan 15, ginin ya faɗi kafin babban aikin ya kankama. Bayan haka jihar ta tsananta dokar duba tsofaffin benaye da tara kuɗin gyara. Sai ga guguwar Ian a watan Satumba na 2022 ta ragargaza gaɓar kudu maso yammacin jihar, inda masaukan karɓa-karɓa suke da yawa, kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo. Irin wannan ƙarin ba laifin kowa ba ne a cikin masu makonni, amma shi ma a kan masu biya yake sauka, ya kuma ƙara yawan masu gazawa.

Akwai lokacin da gaskiya ita ce a yarda cewa gidan ya gama zamaninsa. Masaukai da yawa da aka gina a shekarun 1970 da 1980 suna kan filaye masu daraja a bakin teku. In aka rushe tsarin karɓa-karɓa aka sayar da wurin gaba ɗaya, kowa zai sami ɗan rabonsa, a cire bashin masu bashi daga nasu, gwauruwa ta huta, magada su huta. Waɗanda har yanzu suke jin daɗin makonsu, suna kuma biya ba fashi, za su ce don me za a raba su da abin da suka riƙe da aminci saboda gazawar waɗansu. Ƙorafinsu yana da tushe, ba kuwa zan ce dole su sadaukar ba. Sai dai su auna ko hutun mako guda ya kai a ci gaba da riƙe ɗaruruwan mutane a cikin yarjejeniyar da ta zame musu sarƙa.

Ko an yarda a sayar ma, akwai sauran aiki. Rushe irin wannan tsari yana bukatar ƙuri'ar masu makonni da rinjaye mai yawa. A 2015 majalisar Fulorida ta sa ƙa'idar kashi 60 cikin 100 ga masaukan da suka kai shekara 25, sai fa in takardunsu na asali sun faɗi wani abu dabam. Kashi 60 na dukan masu rabo ake nufi, har da waɗanda ba su zo taro ba. A masaukin da mutum talatin cikin ɗari suka daina biya suka daina amsa wasiƙa, waɗansu sun mutu ba a san magadansu ba, waɗansu makonninsu suna hannun kamfanonin da ba su da adireshi, sai ƙungiya ta koma neman mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ko ta kashe kuɗi ta ƙwace makonninsu tukuna, kafin ta iya tara ƙuri'ar da za ta 'yantar da kowa, har da su masu shirun.